Safar Anselmo

Laredo, 9 ga Maris

Mamana,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya su Goggo Delfina da yara? Mu nan lafiya lau, kada ki sa komai a ranki.

Mama, kwangilar nan ta gwamnatin tarayya da na shekara uku ina bi ta faɗo. Shagona ne yanzu yake wanke kayan mutanen da ake tsarewa a kan iyaka. Ki taya ni godiya ga Allah.

Sai dai akwai sharaɗi. Duk mai yi musu aiki sai ya miƙa sunayen ma'aikatansa an tantance takardunsu na izinin zama a ƙasar nan. Kin san ƙanena Anselmo ba shi da ko ɗaya. Dole na sallame shi. Ya ce, “Yaya, shekara tara ina miki guga, yau ni ne dattin?” Ya koma aikin gini, ba a yi wata ba jami'an shige da fice suka zo suka kwashe ma'aikatan, har da shi. Har yau ban ji muryarsa ba.

Kayan da suke aiko mana ba suna, lamba ce kawai. Amma jiya a cikin buhu na tsinci safa biyu an ƙulle su wuri ɗaya, ƙulli biyu, irin yadda kika koya mana don kada ɗaya ta ɓace. Ke nan yana raye, kuma yana kusa.

Ban sa su a inji ba, Mama. Da hannuna na wanke.

Ki kunna masa kyandir a coci. Ni ma ki sa ni a addu'a, in za ki iya.

'Yarki,
Eulalia