Takun Da Ya Biyo Ni A Hanyar Zungeru

Daren Asabar, Ketaren Gwari.

Na gama gudun famfalakin yau, amma barci ya ƙi zuwa. Kowa cikin 'yan gudun kukan rashin ruwan sha a hanya yake yi. Ni abin da ke damuna daban ne.

A hanyar Zungeru, inda babu ɗan kallo ko ɗaya, ƙafafuna suka yi nauyi, na yi niyyar zama. Sai na ji taku a bayana, daidai da nawa.

"Kada ka tsaya, Isa."

Muryar Yaya Sule ce, wanda muka binne bara. Ban waiwaya ba har ƙarshe.

A wurin kammalawa, mai rubuta lambobin 'yan gudu ya leƙa bayana, ya ce, "Malam, ina dogon da kuka shigo tare? Ban ga lambarsa ba."