Na Zaɓa Wa Jikata Jidda, Zuciyarta Tana Abha

Assalamu alaikum, Malama. Yau Talata. Na tashi da sauƙi, alhamdu lillahi, sai dai gwiwoyi da suka ƙi ni tun asuba, da idon hagu da yake ta zubar da ruwa.  Taimako nake nema, don ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana a nan.

Ina zaune a unguwar Misfala a Makka, ɗaki ɗaya a saman bene. Na zo Makka ina saurayi bayan na gama elementare a Katsina, na yi shekaru ina ɗaukar ruwa a garwa ina hawa duwatsun unguwanni da shi, kafin famfo ya shiga gidaje. Mai ɗakina ta rasu, ɗana Yunus ya bi ta. Abin da ya rage mini shi ne 'yarsa Sa'adiya, mai shekara goma sha shida, tana unguwar Rusaifa, nan cikin Makka, wurin uwarta Rabi. Talata da Juma'a take zuwa bayan la'asar. Ta ɗiga mini maganin ido, ta yanke mini farce, ta yi mini Hausarta mai rabin Larabci, ina gyara mata tana dariya. In ta fita, ɗakin sai ya koma ni da ƙarar fanka.

Yarinyar nan Allah ya ba ta ƙafa. Malamar wasanninsu ta ce ba ta ga mai gudunta ba a makarantar. Ni ban ga laifin abin ba. Duk wanda ya yi Safa da Marwa ya san gudun mace muke tunawa a wurin.

To, hutun zafi ya zo, an ce ta shiga sansanin horon gudu na 'yan mata. Guda biyu ne. Ɗaya a Abha, can kan duwatsu inda ake sanyi, a can za ta kwana ta tashi har hutu ya kusa ƙarewa. Ɗaya a Jidda, tana dawowa gida duk ƙarshen mako. Rabi, Allah ya saka mata, ta kawo mini maganar ranar Juma'a, ta ce ni ne a matsayin uban yarinya, abin da na faɗa shi za a yi.

Na ce Jidda. Na ce zafi ne ke gina jiki, ga ni nan na ɗauki ruwa cikin ranar Makka ban mutu ba. Na ƙara da cewa 'ya mace ba ta yin nisa da gida. Sa'adiya ba ta yi musu ba. Ta sumbaci kaina kamar yadda ta saba, ta wanke kofuna, suka tafi.

Malama, ba wannan ne dalilina ba. Tsoro nake ji. Likita ya rage yi mini wasa in na je, na kuma san me hakan ke nufi. Na daɗe ban ƙetare iyakar Harami ba, ko Ɗa'ifa ba na zuwa, don kada ajali ya same ni a waje bayan duk zaman da na yi. Ke nan ko da an ce iyaye su je Abha kallon tseren ƙarshe, ba zan je ba. In kuma lokacina ya yi tana can fa? Amma ban manta yadda Sa'adiya ta taɓa ba ni labarin Abha ba, wai gajimare yana saukowa har cikin fili, mutum ya yi gudu a cikinsa. Da Hausa ta fara, da daɗi ya kwashe ta sai ta koma Larabci ba ta sani ba.

Ƙarshen makon nan ake rufe karɓar sunaye. In bar maganata yadda take, ko in janye? Wanne ma ya fi mata amfani a matsayinta na mai gudu? Ni ruwa na sani, ban san wannan ba.

Na dafa shayi tun la'asar, na ajiye kofi biyu. Yanzu an kira magariba. Ba ta zo ba.

Tsoho daga Misfala

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara sauƙi. Na tura maka wannan amsa ta waya kafin a buga ta, saboda lokaci ya matse.

Magana biyu ka haɗa, bari mu raba su.

Ta farko, sansani. Ka yi haƙuri, Baba, zafi ba ya gina mai gudu, gajiyar da shi yake yi. Kai dole ce ta sa ka shiga rana, gwiwoyinka ma shaida ne. Jidda a wannan lokaci ga zafi ga gumi, horo sai da yamma liƙis ko a cikin gini. Sanyin Abha zai bar ta ta yi gudu sosai. Amma sanyi kaɗai bai isa a miƙa yarinya ba. Rabi ta buga waya ta tambaya: mata ne ke horar da su, mata ne ke kwana da su? Akwai likita ko nas a wurin? Sa'anninta ne, ko za a haɗa ta da manya? Ana ba su ranar hutu, ana fara musu a hankali har jiki ya saba da iskar tudu? In lalura ta taso a gida, yaya za a dawo da ita? Ta kuma nemi wata uwa da 'yarta ta taɓa zuwa. In amsoshin ba su gamsar ba, Jidda ta wadatar, ka ga sai a zaɓe ta da dalilin gaskiya.

Ta biyu, tsoronka. Ba abin kunya ba ne. Mutumin da ya binne mata da ɗa yana da haƙƙin son ganin fuskar jikarsa. Sai dai yarinyar da take ɗiga maka magani a ido ta san idon nan, ta san ba zafin rana ka nufa ba. Ina zaton wannan ne ya yi mata nauyi fiye da rasa Abha. Ka gaya mata abin da ka gaya mini, har da maganar likita, sannan ka mayar musu da zaɓin, ita da uwarta. In ta zauna, ya zama kyauta ce ta ba ka da hannunta. In ta tafi, ta tafi da albarkarka. Ajali kuwa, ka fi ni sani, ko tana Rusaifa ba lallai ne ya jira ta iso ba.

In Abha aka tsayar, a shirya maka kai ma. Rabi ta riƙa leƙo ka, a samu maƙwabci mai ɗiga maka magani, limamin masallacinku ya san halin da kake ciki. Talata da Juma'a bayan la'asar kuma su zauna yadda suke, ta kira ka ta waya kana ganinta, ka ci gaba da gyara mata Hausa.

Kada ka jira Juma'a. Wataƙila ita ma tana zaune ne tana tunanin da wace fuska za ta shigo. Kai ne babba, ka fara kira, ka ce mata ta ƙarasa maka labarin gajimaren nan, da Hausa har ƙarshe.

Allah ya ba ka lafiya, ya cika maka burinka na zama a Harami, ya sa wa ƙafafun Sa'adiya albarka.

Malama Zali