Shafin da Aka Ce Ki Yabi Kanki

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Ya mamanki da ƙannenki? Ya ƙarfin jikin Goggo? Ni lafiya lau, gwiwa ce kawai take ɗan yi min gardama, ba abin faɗa ba ne.

Na karanta takardar neman tallafin digirin digirgir da kika turo min. Shafin da suka ce ki faɗi dalilin cancantarki, kin cika shi da yabon malamanki. Haka na yi shekara talatin da suka wuce. Na ji kunyar yabon kaina, aka ba wani mai baki. Yau ni ke tura kekunan marasa lafiya zuwa ɗakin gashin ƙashi a asibiti, likitocin da na yi jika da su suna ce min, "Kawo na gaba."

Da azahar ɗakin kan yi tsit. Hasken kwamin ruwan da ake motsa jiki a ciki yana rawa a silin, sai in zauna ina kallo. Nakan ganki cikin farar riga, kina takawa a hankali tsakanin ƙarafan koyon tafiya, wani tsoho ya dafa kafaɗarki. Wani lokacin tsohon ni ne.

Ki sake shafin nan kafin Litinin, ranar za su rufe. Ki rubuta cewa ke kika tayar da Goggo bayan shanyewar ɓarin jiki, wata bakwai, da igiya da kujera biyu. Ba ƙarya ba ce, kuma ba wanda zai faɗa musu in ba ke ba.

Allah ya yi miki albarka. Kunyar ki bar min ita, na saba ɗauka.

Babanki