Amanar Mai Tulu

Asabar, 4 ga Mayu

Ana sanar da jama'a, na kusa da na nesa, cewa yau da hantsi ganye na uku na Mai Tulu ya yi baƙi. Za a sa ranar zaman makoki nan gaba.

Mai Tulu shuka ce, in har za a kira abin da ke cin ƙuda shuka. A ƙarshen kowane ganye ɗan tulu ne mai murfi yake reto, ƙwaro ya leƙa ya zame, shi ke nan. Auta ce ta bar min ita a tagar falo wata huɗu da suka wuce, da za ta tafi aikinta na binciken tsirrai a ƙetaren teku. Na ce kada ta je, ta je. Ban raka ta filin jirgi ba, na ce aiki ya yi min yawa a maɗaba'a. Lahadi ce ranar, maɗaba'a a rufe take.

Lahadi, 5 ga Mayu

Ta kira. Uwarta kullum ake kira, su yi awa guda suna ƙyaƙyata dariya. Ni rabona Lahadi, minti uku. "Baba ina wuni, ya Mai Tulu?" Na ce har ƙiba take yi. Na juya wayar ta ga gefen da ke kore.

Talata, 7 ga Mayu

Na sake karanta takardar da ta manna a jikin tukunyar: ruwan sama kaɗai, ban da taki, kada a ba ta abinci. Shekara ashirin da shida ina gyara rubutun mutane, wannan ma ban ƙyale ta ba, na sa mata waƙafi biyu da jan biro. Bin ta ne dai ban yi ba. Ruwan saman da ta tara a jarka biyu tun watan farko na juye shi a mota. Ruwa ai ruwa ne, ga famfo. Taki cokali ɗaya duk mako, da ɗan tsokar nama a kowane tulu. A gidana ba a zama da yunwa.

Uwargida ta ce, "Malam, yarinyar nan digiri biyu ta yi a kan ganye." Na ce ni ma na karanta littafi uku. Ta ce ai ni ko likita ya rubuta min magani sai na gyara masa.

Laraba, 15 ga Mayu

Ganye biyar sun yi baƙi. Falo na wari.

Lahadi, 19 ga Mayu

Da Auta ta kira, na ce a ce mata ina wanka.

Na shiga ɗakinta neman wani littafi. Silifas ɗinta na nan bakin gado, ɗaya kan ɗaya, yadda take jefar da su. Gwangwanayen madarar da take shuka a ciki tun tana firamare na jere a saman kabad. Ciyawa nake ce musu. Na fito ba littafin, don ban ma tuna wanne ba ne.

In shukar nan ta mutu, me za ta tambaye ni ran Lahadi?

Litinin, 20 ga Mayu

Na ɗaura wa Mai Tulu bel a kujerar gaba, na kai ta wurin mai sayar da shuke-shuke na kusa da shatale-tale. Ya shanshana ƙasar, ya leƙa tulu, ya dube ni. "Yallaɓai, wa ya yi mata wannan gatan?" Na ce wani ɗan'uwana ne. Ya ce in gaya wa ɗan'uwan nawa a mayunwaciyar ƙasa irinta ke fitowa, taki da ruwan famfo ƙona mata saiwa suke yi. A wanke ƙasar da tataccen ruwan da ake zuba wa batir, a yanke baƙaƙen, sannan a cire hannu.

Na ce sai kuma me? Ya ce sai haƙuri, a gaishe da ɗan'uwan.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ganye huɗu suka rage. Hannuna sai ƙaiƙayi yake in na wuce ta.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na nuna wa Auta duka, har da guraben almakashi. Ta ƙura musu ido. Can ta ce, "Baba, nama? Ɗanye ko dafaffe?" Na ce soyayye. Ta yi dariya har wayar ta faɗi, na daɗe ina kallon rufin ɗakinta.

Wai tun ranar da na juya wayar ta hango baƙin a gilashin taga. "Jira nake ka faɗa da bakinka."

Ta zagaya da ni ɗakin. Ƙarami ne, taga ɗaya, tukwanen shuka har kan firji. Wata biyar, ban taɓa cewa in gani ba. Minti arba'in da ɗaya. Ba wai ina ƙirgawa ba ne.

Asabar, 8 ga Yuni

Ruwa ya sauko da safe. Maƙwabta sun ga dattijo da singileti yana gudu da robobi, uwargida na ihu daga taga wai har da na wankinta na kwashe.

A ƙarshen sabon ganye akwai ɗan kumburi, bai kai ƙwayar wake ba. Na tura wa Auta hoto. Ta kira, yau Asabar. Mun yi maganar gwiwata, da sanyin garinsu, da mai gidan hayarta. Har muka kusa sallama ba ta tambayi Mai Tulu ba.

Na ce mata ranar jirgin nan maɗaba'a a rufe take. Ta ce, "Na sani, Baba."

Ban kyauta ba.