Sabuwar Wayar Tana Cikin Durowa

Baban yara,

Aikin safe gare ni, na fita na bar ka kana ta minshari.

Kafin abokanka su zo jin kiɗa da yamma, gara ka ji daga bakina. Sabuwar wayar sifikar nan mai kan zinare, wadda ka bar mini in haɗa ranar da ka yi tafiya, ban haɗa ta ba. Ta ƙi shiga ramin, na jefa ta durowar talabijin. Tsohuwar ce a jiki har yanzu.

Shara kawai nake yi, na janyo manyan sifikun biyu daga jikin bango kamar taku biyu, na juyo fuskarsu wajen kujerarka. Ta hagu ma ashe labule ya toshe mata baki tun bara. Sai na kashe ƙananan na baya, tunda waƙa kake ji ba fim ba.

Kwana uku ke nan kana lumshe ido kana cewa, "Kin ji aikin waya? Kamar mawaƙin na tsakiyar falo." Ni kuwa ina ta gyaɗa kai. Ka yafe mini, dariya ce ta hana ni magana.

Na yi alama da alli a ƙasa. Don Allah kada ka matsar da su.

In abokanka sun tambayi sirrin, kada ka buɗe durowa. Nuna musu tsintsiya, tana bayan ƙofa.

Injiniyar gidanka