Na Ari Sunanka a Mohandisin

Sabi'u, mutumina,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga unguwarmu Hayyin Ashir, nan ƙasar Larabawa. Na san babu mai kai takarda inda kake, ba kuma za ka karanta wannan ba. Akwai abin da na yi maka a bayan ranka, ƙyamar kaina ta hana ni sakat, shi ya sa na zauna rubutu.

Bari in fara da labarin gida. Hadiza ta fita takaba, ta koma Katsina da yaran, suna lafiya. Wasu ɗalibai 'yan Damagaram ne a ɗakinka yanzu. Usman Basudane mai kanti a ƙasan benenmu yana nan, har yau ta wayarsa ake kiran mu.

Zaman makokinka kuwa ya tayar mini da zuciya. Kowa cewa yake ciwon shawara ne ya kashe ka. Alhazan nan masu zuwa ganin likita, waɗanda ni da kai muke yi wa tafinta, su ne a sahun gaba da carbi. Su wa ke aiken ka ka kai musu kwalba otal a baƙar leda? Babu wanda ya furta kalmar giya. Ni ma ban furta ba, alhali tare muka sha ta shekara tara, tun da muka watsar da karatu.

Ka tuna ranar da ka ce wata nas ta gaya maka akwai wani zama da mashaya ke yi su kaɗai, babu likita babu malami, suna riƙe juna don su daina? Ka ce in raka ka mu nemo wurin. Na yi maka dariya har da riƙe ciki, na ce aikin Turawa ne, ƙarti su yi da'ira suna kuka. Ba ka sake tayar da maganar ba. Wata huɗu bayan nan hantarka ta tsaya.

Da aka binne ka tsoro ya kama ni, na shiga nema. Wa zan tambaya a cikin mutanenmu? Kafin la'asar labari ya kai Kano. Wani mai kantin magani na samu a Abbasiyya, na ce masa wani abokina nake nema wa. Ya dube ni, ya dubi hannuna yana rawa, ya rubuta mini lamba a bayan kwalin magani. Wurin yana unguwar Mohandisin, a wani bene hawa na biyu, kusa da ofisoshin jakadanci, inda kowane lokaci ɗan gida zai iya gani na. Kujerun roba, shayi, hayaƙin taba, mutum kamar goma sha biyu. Sunan fari kaɗai suke tambaya.

Sabi'u, da aka zo kaina, sunanka na faɗa.

Na ce a raina ai kai ka riga ka tafi, me kuma zai ɓata maka? Ka ji lalacewa. Wata uku ina zuwa a matsayinka. Ranar da na cika kwana talatin ban sha ba, kai suka tafa wa. Kai ka so wurin, ni na hana ka, ga ni ina kurɓar shayinsu da sunanka.

Sai na koma ruwa, mako biyu ban leƙa ba. Akwai wani dattijo a cikinsu, Ammu Fikri, tsohon direban tasi, shekara goma sha ɗaya rabonsa da giya. Shi na taɓa ba lambar kantin Usman. Ya buga ya tambayi Sabi'u ɗan Najeriya. Usman ya gaya masa gaskiya, ya ce Sabi'u ya rasu, hanta ce, bai dai ce yaushe ba. Dattijon ya sanar da sauran, suka yi maka addu'a, wasu har da hawaye. Su kaɗai suka roƙa maka gafara suna sane da abin da ya kashe ka, kuma ƙaryata ce ta jawo.

Jiya da rana ya hau bas biyu da ciwon gwiwarsa, ya ƙetaro gari, riƙe da sukari da ganyen shayi a leda, ya zo yi wa mutanen gida ta'aziyya. Ya same ni zaune a matakala, ina wari, kwalba tsakanin ƙafafuna.

Da ma mari na ya yi. Ya daɗe yana kallo na. Na kwashe komai na gaya masa, a buge. Bai zage ni ba. Ya ajiye ledar a gefena, ya ce ma'alish, ba komai, ta'aziyyar tana nan tunda dai an yi rashin. Ya tambayi sunana, na kasa faɗa. Ya ce to in taho da sunan wurin zama ranar Talata, ƙarfe biyar.

Talata jibi ce. Na zubar da sauran kwalbar a masai, tun safe nake amai. Idan na je, sai na tsaya gaban mutanen da na sa kuka in ce musu ƙarya na yi. Idan ban je ba, ka san inda za mu haɗu, kuma ba da jimawa ba. Ba na son zuwa wurinka yanzu, Sabi'u, ba da wannan fuskar ba.

Ka yafe mini. Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta.

Abokinka,
Nasiru