Ƙofofin da Ban Share Ba

Sabon Gari, Wudil.

Zuwa ga Radiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jego, ya ruwan zafi? Ya jaririyarmu Rahinatu da su Inna?

Na san labarin rikicin cibiyar jarrabawarmu ya iso Lajawa. Abin da bai iso ba shi ne da hannuna a ciki.

Manhajar da ke haɗa kwamfutocinmu kan buɗe wa kowane ɗalibi ƙofar shiga jarrabawa a cikin na'ura idan ya zauna, ta share ta idan ya tashi. Buɗewa ta iya, sharewa kuwa sai ta ga dama, kamar ni da wanke kofin shayi. Wata bakwai na san da wannan. Maimakon in gyara, sai kullum da safe in share matattun ƙofofin da hannu. Ban gaya wa kowa ba, don ina jin daɗin a ce idan babu Mudassir komai ya tsaya.

Ranar suna ina wajenku ina rabon goro, abokin aikina Haladu ya riƙe wurin. Ana shigo da rukunin ɗalibai na uku matattun ƙofofin suka cika manhajar, kwamfuta ɗari biyu suka ƙi karɓar kowa. Wani ya ɗaga murya wai da gangan aka toshe. Ɗaliban suka ɓalle ƙofar ɗakin na'ura, suka jawo Haladu a ƙasa, suka rufe shi da ƙafafun kujeru. Wani ya zabga masa kan bel a ido. Jiya da kaina na goge jininsa a jikin bango. Sau tara ya kira ni, wayata tana aljihun babbar rigar da na rataye.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Mudassir.

Zuwa ga Radiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da 'yar baƙuwa.

Na gyara manhajar. Rubutun layi shida ne kacal, tsakanin azahar da la'asar na gama. Wallahi da na ga ta share ƙofar farko da kanta, kuka na yi.

Likita ya ce idon Haladu na hagu ya tafi. Kwamitin bincike kuma ya ce sakacinsa ne, za a sallame shi. Na je asibiti da niyyar faɗa masa gaskiya, sai ya riga ni. Ya kama hannuna yana ba ni haƙuri wai ya ɓata mini aiki, har da tambayar sunan jaririya. Haka na fito ban faɗa masa ba. Ban taɓa jin kunyar kaina haka ba.

Gobe da safe zan shiga gaban kwamitin da takardar da ke nuna duk ranar da na yi shara da hannu, tun daga ta farko. Ina tsoro, Radiyya, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gaishe da Inna. Idan kin gan ni a Lajawa ranar aiki, kada ki tambaye ni a gabanta.

Naki,
Mudassir.